Kundin Waliyyai na Birnin Rum

Taron malaman harsuna ne ya kai ni birnin Rum a farkon watan Nuwamba, kuma taron bai shafi addini ba ko kaɗan, amma da aka tashi sai na ƙara wa kaina ɗan lokaci domin in bi diddigin wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a ka. A duk lokacin da gidajen rediyo suka ba da labarin cewa Fafaroma ya ayyana wane a matsayin waliyyi, mai sauraro a ƙasar Hausa yakan yi turus, domin a saninmu walittaka ba sarauta ba ce balle a ce wani ne yake naɗa wa mutum rawaninta. Kalmar da Cocin Katolika take amfani da ita a harshen Latin wajen wannan aiki ita ce canonizatio, kuma daga gare ta ne harsunan Turai suka samo nasu. Abin da nake so in sani shi ne me kalmar take faɗa da bakinta, kuma ta wace hanya ta bi har ta iso inda take a yau.

Wanda ya yi mini jagora wani matashin limamin Katolika ne daga kudancin jihar Kaduna, ɗan wani tsohon abokin aikina, wanda yake karatun dokokin coci a wata jami'a da ke kan tudun da ya leƙo fadar Vatican. Hausarsa garau take. Yana ce mini Baba saboda mahaifinsa, ni kuma ina ce masa Fada saboda rigarsa. Mun haɗu a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ottaviano, muka taka da ƙafa ta gefen ganuwar Vatican har muka faɗa dandalin Bitrus.

Dandalin ya fi yadda ake ganinsa a talabijin girma. Ginshiƙai 284 ne suka kewaye shi ta dama da hagu a jeri huɗu-huɗu, aikin maginin nan Bernini wanda aka gama a 1667, kuma a kan rufinsu akwai mutum-mutumi 140 na waliyyai, kowanne ya ninka tsawon mutum. Fada ya nuna mini barandar da ke gaban babbar majami'ar, ya ce a ranar da za a ayyana sabon waliyyi, daga nan ake sako ƙaton ƙyalle mai ɗauke da hotonsa. Sa'an nan ya karanto mini da ka kalmomin da Fafaroma yake furtawa a ranar, waɗanda a cikinsu yake cewa Sanctorum Catalogo adscribimus, ma'ana mun rubuta shi a kundin waliyyai. Ya ce, "Baba, ka lura, bai ce mun mai da shi waliyyi ba. A koyarwarmu Allah ne kaɗai yake yin wannan. Abin da coci take yi shi ne ta auna, in ta gamsu ta rubuta suna." Wannan magana tasa ita ce zaren da na riƙe har ƙarshen tafiyar, domin awo da rubuta suna su ne ainihin abin da ke cikin kalmar.

Tushenta shi ne kanon na Girkanci, wanda ma'anarsa ta farko miƙaƙƙen sanda ne, irin wanda kafinta ko magini yake ɗorawa a kan aikinsa ya ga ko ya karkace. Ita kanta wannan kalma 'yar'uwar kanna ce, wato kara irin wanda yake tsirowa a bakin kogi, kuma masana harsuna sun tafi a kan cewa Girkawa aro ta suka yi daga harsunan gabas, domin a Ibraniyanci ana ce wa karan qaneh, a tsohon harshen Akkad na ƙasar Iraƙi kuma qanu. A babi na 40 na littafin Ezekiyel an ambaci wani mutum riƙe da karan awo mai tsawon kamu shida yana auna haikali. Daga sandan awo ma'anar ta miƙe zuwa ga duk abin da ake gwada wani abu da shi, wato ƙa'ida ko doka. Da manyan limaman Kirista suka taru a garin Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325, dokoki ashirin da suka tsayar da wannan suna aka kira su. Daga doka kuma ta sake miƙewa zuwa ga jerin abubuwan da suka cika ƙa'ida, shi ya sa a wasiƙarsa ta shekarar 367 Atanasiyus, bishop, wato babban limamin coci, na Iskandariyya, ya yi amfani da ita wajen lissafa littattafan da coci ta yarda da su a matsayin nassi.

Larabci ma ya karɓi kalmar daga Girkanci ya mai da ita qanun, sunan da Ibn Sina ya ba babban littafinsa na likitanci, kuma har yau da ita ake kiran doka a ƙasashen Larabawa. Na faɗa wa Fada cewa alƙalaminmu ma irin wannan hanya ya biyo, domin qalam na Larabci ana danganta shi da kalamos na Girkanci, wanda shi ma kara ne. Ya yi dariya ya ce ashe da kara aka auna, da kara kuma aka rubuta. Ya ƙara mini da abin da ban zata ba: babbar addu'ar da limami yake karantawa a tsakiyar ibadar Mas ta Rum, ita ma Canon ake ce mata saboda lafazinta tsayayye ne, kuma a cikinta akwai jerin sunayen shahidai na farko, har da 'yan Afirka uku daga Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, wato Farfetuwa da Felisita da aka kashe a 203, da bishop Sifiriyan da aka fille wa kai a 258.

Domin in ga inda jerin ya samo asali, washegari muka shiga bas zuwa bayan gari, kan tsohuwar hanyar Appia, inda maƙabartar San Callisto take a ƙarƙashin ƙasa. Ana sauka ne ta wata matattakala mai tsayi, a rukuni-rukuni, bayan ɗan jagora, kuma an hana ɗaukar hoto. Da saukarka sanyi mai laima zai kama ka. Lungunan matsattsu ne, da ƙyar mutum biyu suke giftawa, kuma bangon dama da hagu duk ramuka ne a jere daga ƙasa har sama, inda ake kwantar da gawa a liƙe bakin da falalen dutse. Tsawon lungunan ya kai wajen kilomita 20, hawa huɗu a ƙarƙashin ƙasa. Ƙananan ramukan, na jarirai da yara, sun fi yawa fiye da yadda zuciya take so ta gani.

A wani ɗan ɗaki da ake kira kushewar Fafaromomi, wanda mai binciken kayan tarihi De Rossi ya sake ganowa a 1854, ɗan jagoran ya haska mana wani fasasshen falalen marmara da aka harhaɗa. An rubuta sunan Fabiyan, ɗaya daga cikin Fafaromomin farko, da haruffan Girkanci, sai taƙaitaccen laƙabinsa na bishop, sai kuma a gefe wasu haruffa da suke nufin shahidi, waɗanda sassaƙarsu ba ta kai ta sauran zurfi ba, alamar cewa wani hannu ne ya ƙara su daga baya. An kashe Fabiyan a shekarar 250, a zamanin Sarkin Rum Desiyus. Na tsaya a gaban wannan dutse fiye da yadda ɗan jagoran ya so, domin a ganina duk tarihin da na zo nema yana cikin waɗannan haruffa na gefe: an binne mutum da sunansa, sa'an nan jama'a ta dawo ta ƙara masa shaida. A wancan zamani babu ofis, babu takarda. Wanda aka kashe saboda imaninsa, 'yan'uwansa sukan tattara abin da ya rage na jikinsa su binne, kuma duk shekara a ranar rasuwarsa, wadda suke kira ranar haihuwarsa zuwa sama, su taru a kabarinsa su yi ibada. Saboda kada ranakun su ɓace musu sai suka fara rubuta su, kuma mafi daɗewar irin wannan jeri na birnin Rum yana cikin wata kalanda ta shekarar 354.

Tun a lokacin ma akwai masu sa ido. An ruwaito cewa a Kartaj, a farkon ƙarni na 4, wani babban ma'aikacin coci ya tsawata wa wata attajira mai suna Lusila saboda tana sumbatar ƙashin wani mamaci da ba a tabbatar da shahadarsa ba tukuna. Da zamanin kisa ya wuce, aka fara girmama sufaye da bishop-bishop da suka rasu a kan gadonsu, sai hukunci ya koma hannun bishop na kowane gari, wanda yakan saurari labarin mamacin, in ya gamsu ya sa a tono ƙasusuwansa a mai da su cikin majami'a kusa da bagade. Wannan ɗagawa ita ce ayyanawar, kuma haka aka yi ta yi ɗaruruwan shekaru.

Daga maƙabartar muka dawo cikin gari zuwa Lateran, wadda ita ce ainihin majami'ar Fafaroma a matsayinsa na bishop na Rum, kuma a fadar da ke jikinta Fafaromomi suka zauna kusan shekara dubu kafin su koma Vatican. A nan ne a shekarar 993 bishop na Augsburg ta ƙasar Jamus ya zo gaban Fafaroma Yohanna na 15 da tarihin magabacinsa Ulrich, wanda ya rasu a 973, mutumin da ya tsare garinsa lokacin da mayaƙan Magyar, wato kakannin mutanen Hungary ta yau, suka kewaye shi a 955. Aka karanta tarihin a gaban majalisa, aka amince, aka rubuta takarda. Wannan ce ayyanawa ta farko daga hannun Fafaroma da take da tabbatacciyar shaida a rubuce, ko da yake ita kalmar canonizare ba ta zama ruwan dare ba sai a ƙarni na 12. Abin da ya sa Rum ta ƙara matse hannu ya ba ni dariya da Fada ya ba ni labarinsa: wajen shekarar 1171 Fafaroma Iskandar na 3 ya rubuta wa sarkin Suwidin cewa ya ji ana girmama wani mutum da aka kashe yana cikin maye, ya ce ko da mu'ujiza ake gani a kabarinsa, ba ya halatta a girmama shi ba da izinin cocin Rum ba. A 1234 Fafaroma Giregori na 9 ya shigar da wannan wasiƙa cikin kundin dokokin coci, ta zama doka a kan kowa.

Ofishin da yake wannan aiki a yau yana cikin wani gini mai launin ƙasa-ƙasa a dandalin Pio XII, daf da bakin dandalin Bitrus, kuma ba abin da zai nuna wa mai wucewa cewa a saman kantunan sayar da carbi da hotuna ake tace rayuwar matattu. Ba mu shiga ba, domin ba wurin baƙi ba ne. Asalinsa hukumar da Fafaroma Sistus na 5 ya kafa a 1588, aka ware masa sashensa a 1969. Tsarin da ya daɗe yana bi tsarin kotu ne sak, da mai gabatar da ƙara da mai suka. Mai sukar nan sunan muƙaminsa mai kare imani, amma jama'a suka laƙaba masa lauyan Shaiɗan, domin aikinsa shi ne ya tono duk wani aibi na mamacin, ya kuma nemo wa kowace mu'ujiza bayani irin na duniya. Mafi shahara a cikinsu shi ne Prospero Lambertini, wanda ya yi shekara ashirin a kan kujerar, ya wallafa babban littafi a kan ƙa'idojin aikin tsakanin 1734 da 1738, daga baya kuma shi kansa ya zama Fafaroma Benedik na 14.

Fada ya zayyana mini yadda abin yake tafiya yanzu muna tsaye a inuwar ginin. Sai mutum ya shekara biyar da rasuwa kafin bishop na garin da ya rasu ya buɗe bincike, kuma daga ranar ake kiran mamacin Bawan Allah. A tara shaidu, a rantsar da su, a karanta duk abin da ya taɓa rubutawa har wasiƙunsa, a ɗaure takardun a akwatuna a buga musu hatimi a aiko Rum. A nan a tace su zuwa littafi guda da ake kira positio, wanda masana tarihi da na tauhidi za su yi wa ƙuri'a. In an yarda cewa halayensa sun kai, ya zama Abin Girmamawa. Daga nan sai a jira mu'ujiza, wadda kusan kullum warkewa ce daga ciwo, kuma sai kwamitin likitoci ya duba takardun asibiti ya ce ilimin likitanci ba shi da bayaninta. Mu'ujiza ɗaya tana kai shi matsayin Mai Albarka, wanda ake girmamawa a yankinsa kawai, ta biyu kuma ta kai shi kundin coci baki ɗaya. Shahidi an ɗauke masa ta farkon.

A 1983 Fafaroma Yohanna Bulus na 2 ya sauƙaƙa tsarin, ya rage ƙarfin lauyan Shaiɗan, kuma shi kaɗai ya ayyana waliyyai 482. Ni dai a ra'ayina, duk da cewa ba addinina ba ne, wannan kujera ta mai suka ita ce mafi hikima a cikin tsarin gaba ɗaya, domin ƙauna ba ta iya bincike, kuma na faɗa wa Fada haka. Bai musa ba, amma ya ce abin da ya fi damunsa shi ne kuɗi. Tara shaidu da fassara takardu da biyan masana na shekaru masu yawa ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ƙungiyoyin sufaye na Italiya da Sifen da Faransa suka cika kundin, alhali coci-cocin Afirka ba su da mai tsaya musu. Ko Fafaroma Francis sai da ya fitar da sababbin ƙa'idoji a 2016 a kan yadda ake sarrafa kuɗin waɗannan shari'o'i. Ya kawo misalin Fada Cyprian Tansi na Aguleri, wanda ya rasu a Ingila a 1964, aka ayyana shi Mai Albarka a Oba kusa da Onitsha ranar 22 ga Maris, 1998, ya ce mutanen Nijeriya sun daɗe suna jiran mataki na ƙarshe. Saurin abin ma ba shi da ma'auni guda: Faransis na Assisi ya rasu a 1226 aka ayyana shi a 1228, ita kuwa Jan Dark ta Faransa da aka ƙona a 1431 sai a 1920.

Da ya juyo da tambayar kaina, na ce masa mu a wajenmu babu kundi kuma babu ofis. Ba wanda ya zauna ya yanke hukunci cewa Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina waliyyai ne, haka nan ba takardar da ta tura mutane ziyara Hubbaren Shehu a Sakkwato. Shaidar jama'a ce da ta malamai, wadda ta bi baki har ta zauna, kuma har gobe akwai malaman da suke jayayya a kan wasu al'adun ziyarar. Ya ce to ai mun fi kusa da mutanen San Callisto fiye da shi da yake karatun doka.

Zango na ƙarshe ni kaɗai na yi shi. Na hau jirgin ƙasa zuwa arewa, na sauka a Vicenza, na canza zuwa wani ƙaramin jirgi da ya kai ni Schio cikin ƙasa da awa guda. Gari ne na masaƙar ulu a gindin duwatsu, mai tsabta, mai sanyi, kuma a can ne Josephine Bakhita ta yi yawancin rayuwarta. An haife ta a Darfur wajen 1869, masu farautar bayi suka sace ta tana yarinya, aka yi ta sayar da ita a kasuwannin El Obeid da Khartum, garuruwan da alhazanmu na tafiyar ƙasa suka san su sarai. Ƙaramin jakadan Italiya a Khartum, Callisto Legnani, shi ya saye ta a ƙarshe, kuma da yaƙin Mahadi ya matso ya fice da ita ta Sawakin, suka isa Italiya a 1885. Aka ba da ita ga wani gida ta zama mai reno. Da uwar gidan ta so ta koma da ita Sudan sai ta ƙi, magana ta kai gaban hukuma a Venis, kuma ranar 29 ga Nuwamba, 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka ita 'yantacciya ce. Aka yi mata baftisma a watan Janairun 1890, ta shiga ƙungiyar sistocin Canossa, aka turo ta Schio a 1902.

Wata tsohuwar sista ce ta buɗe mini ƙofa, kuma da Italiyancina mai ɗingishi da hannuwanta muka fahimci juna. Ta nuna mini majami'ar gidan, inda aka ajiye ƙasusuwan Bakhita a ƙarƙashin bagade, da ɗan ɗakinta mai gado ɗaya, ta kuma kwatanta mini ayyukan da ta yi: girki, da kula da kayan majami'a, da tsaron ƙofa. Ba ta kafa ƙungiya ba, ba ta jagoranci kowa ba. Mutanen garin suna ce mata Madre Moretta, wato baƙar uwa, kuma su ne suka yi dafifi a kan gawarta da ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947, tun kafin a buɗe ko da fayil ɗaya a Rum. Sai da aka kwashe shekaru 45 kafin a kira ta Mai Albarka a 1992, sa'an nan aka karɓi warkewar wata mata a Brazil daga gyambon ciwon suga a matsayin mu'ujiza ta biyu, aka rubuta ta a kundin ranar 1 ga Oktoba, 2000.

Sunan da aka rubuta ɗin ba shi ne wanda iyayenta suka raɗa mata ba, domin firgitar sata da azabar da ta biyo baya sun sa ta manta shi har ƙarshen ranta. Bakhita, wato mai sa'a da Larabci, waɗanda suka sace ta ne suka sa mata shi, kuma da shi masu bincike suka auna ta, da shi Fafaroma ya kira ta a dandalin Bitrus. Tun daga 2015 Cocin Katolika ta mai da ranar 8 ga Fabrairu ranar addu'a da wayar da kai a kan fataucin mutane. Da sistar ta ji daga ƙasar da na fito, sai ta gyaɗa kai, ta ce sistoci da yawa a Italiya yanzu aikinsu shi ne karɓar 'yan matan Nijeriya da aka biyo da su ta Agadas da Libiya aka zube su a titunan ƙasar, ta tambaye ni ko iyayensu a gida sun san abin da ake kawo su yi.